Kafaɗar Inna

Mu ba 'yan ƙasar nan ba ne. Daga ƙasar Gwari muka zo, shekarar da mahara suka ƙone ƙauyenmu, ina 'yar shekara biyar ko shida. Baba ya ji labarin baƙar ƙasar Gozaki mai auduga, ya sa mu gaba muka bi ayarin fatake. Mai gari ya ba shi saura, wata tsohuwar gona a bayan ganuwa, can inda ba mai so.

Daminar fari Baba ya kira gayya. Ya yanka akuya, Inna ta tuƙa tuwo, aka zauna jira. Ko mutum ɗaya bai leƙo ba. Sai daga baya wani maƙwabci ya faɗa masa gaskiya: ba mai cin yankan wanda ba ya salla. Kwana uku muna cin ɗumame, ciyawa kuwa ta cinye rabin gonar.

Kafin wata damina Baba ya je wurin liman ya musulunta, Inna ta bi shi. Ko don Allah ya fara ko don gona, ban taɓa tambaya ba. Na dai san har ya rasu salla ba ta wuce shi. Gayya ta cika a shekarar. Muka sake suna, muka sake sutura, aka daina yarenmu ko a tsakar gida.

Abu ɗaya ya ƙi sakuwa. Matan wajenmu a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ba a ka ba. Haka Inna ke shiga kasuwa da ƙwaryar auduga a kafaɗa, ana hango ta tun daga nesa. A bakin rijiya 'yan mata su ɗora tulu a kafaɗa, su karkace wuya, suna kallona suna dariya. Ni kuwa da ma ba haƙuri gare ni ba. Ran nan na dawo gida a fusace.

"Inna, wai ke ba ki da kai ne? Kin mai da mu abin dariya a gari."

Ta dube ni ta ce, "'Yata, a wajenmu ba a ɗora wa kai kaya. Shi ke tunani, aikinsa ya ishe shi."

"Ai nan ba wajenku ba ne."

Wajenku na ce, ba wajenmu ba. Washegari na ga Inna tana naɗa gammo da tsohon zane. Ta girma kafin ta koya, don haka ba ta taɓa iyawa sosai ba. Kullum wuyanta na ciwo, ni kuwa murna nake an daina yi mini dariya.

Wata ranar kasuwa na biyo bayanta ba ta sani ba. Tana fita ƙofar gari ta waiga dama da hagu, ta sauke kayan zuwa kafaɗa, ta miƙe tana 'yar waƙa da yaren da na riga na manta. Tafiyarta ma ta sake. Maimakon in cim mata, sai na sake hanya.

Da ta rasu, ni da wata tsohuwar maƙwabciyarmu muka yi mata wanka. Tsohuwar na zuba ruwa tana cewa, "Allah ya jiƙan ki, baiwar Allah. Kin zama tamu, har a ka kike ɗaukar kaya."

A lokacin hannuna na kan kafaɗar Inna. Kantar ɗaukar kaya na nan, baƙa, tauri kamar kofaton akuya. Na yi maza na ja zane na rufe don kada tsohuwar ta gani.

Yau jikokina Hausawa ne, ba mai tambayar asalinsu. Zafin bakina na ƙuruciya, ina iya cewa yarinta ce. Zanen nan da na ja kuwa, ina da 'ya'ya uku na ja shi, kuma har yau shi ke sa ni kuka.