Gonar Marka a Bakura

Duk wanda ya yi aikin asibiti a Talata Mafara shekarun baya ya san Marka ungozoma, in bai san fuskarta ba to ya san muryarta. Ita ce shugabar mata a ƙungiyar ma'aikatan lafiya, kuma Allah ya yi ta da baki. In aka danne wa wata hutun haihuwa, ko aka jefa mai shayarwa wani ƙauye can bayan Maradun, Marka za ta yafa gyale ta nufi ofis, ba ta fitowa sai an gyara. Manya in sun hango ta sai kowa ya tuna yana da taro a Gusau.

Amma bakin nan iyakarsa Mafara. Da ta shiga Bakura, gidan yayanta Abdulmumini, sai ta durƙusa ta gaishe shi da murya ƙasa-ƙasa. Tun rasuwar mahaifinsu gonar fadama take hannunsa, ba a raba ba, kuma a gidansu mace ba ta cewa a raba gado, sai a ce ba ta son zumunci. Duk kaka yakan aiko mata da shinkafa, ta yi godiya kamar kyauta aka yi mata. Abokan aikinta suna sayen fili, wasu suna tara tumaki, in suka tambaye ta me ta tanada wa ritaya sai ta ce ai ita tana da gona. Ta sha shirya maganar a cikin mota, ta isa, a yi doguwar gaisuwa, a ci tuwo, kunya ta rufe mata baki ta dawo.

Shekarar da ta ajiye aiki Yaya ya kwanta ciwo. Wa zai yi wa majinyaci zancen gado? Ita ta yi jinyarsa har ya cika. Fansho kuwa yau ya zo, gobe shiru, ga gwiwa ta fara ba ta wahala. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne taron tsofaffin 'yan ƙungiya, inda ake nuna wa 'yan baya ita, ana cewa ga macen da ba a taɓa danne wa haƙƙi ba.

Da makoki ya yi nisa ta daure ta yi wa babban ɗan Yaya, Mas'ud, maganar. Yaron kirki ne, bai ɓata rai ba, ya ɗauke ta a babur suka tafi fadama. Ashe Yaya ya daɗe da sayen gonakin maƙwabta, ya baje iyakokin, ya ja ruwa, duk wurin ya zama shinkafa shimfiɗa guda. Dattawan da suka san gonar ta asali duk sun riga mu gidan gaskiya. Ita kuma rabonta da taka wurin tun tana kai wa mahaifinsu fura.

“Gwaggo, Baba bai taɓa hwaɗa muna ba, amma ba mu yi miki musu,” in ji Mas'ud. “Ki gwada min gonar Kaka daga ina zuwa ina, a hidda miki naki.”

Marka ta dubi gabas, ta dubi yamma. Ta ɗaga hannu za ta nuna, ya tsaya a sama, ta rasa inda za ta kai shi. Ba ta ga wanda za ta yi wa faɗa ba. Ta sauke hannun, ta ce ya kai ta tasha.