Sakiya a Hancin Mai Turare

A lokacin da wannan abu ya same ni, ni matar aure ce a Ƙanƙara, kuma sana'ar da aka san ni da ita ita ce haɗa turaren wuta da humra. A Faskari na koya, a gindin kaskon mahaifiyata. Ba yabon kai ba, hancina ne jarina. In aka kawo mini farcen humra ko sandal daga kasuwa, ba na buƙatar a gaya mini na kirki ne ko algus, shinshinawa ɗaya ta isa. Uwayen amare sukan aiko tun daga Mairuwa da Pauwa a haɗa wa 'ya'yansu, har ana tsokanata wai in an soya albasa a ƙarshen unguwa ni zan faɗi gidan.

Sai dai hancin nan da nake taƙama da shi, shi ne ciwona. Abin ya fara kamar mura, ya ƙi tafiya. Shekaru ina fama: yoyo ba dare ba rana, atishawa a jere har kaina ya yi nauyi, sannan ya toshe in koma numfashi da baki. Kullum da hankici a hannu. Mace ta zo sayen ƙamshi ta tarar da mai turare tana jan majina, ko ba ta ce komai ba za ki gani a fuskarta. Akwai maganin ɗigawa da nake saye a kemis, in na ɗiga hanci ya buɗe tas, zuwa la'asar ya rufe fiye da da. Duk da haka, ranar da ya yi sauƙi ƙamshi yana dawo mini daram, in zauna in yi haɗina. Wallahi na gaji, amma ban rasa komai ba tukuna.

Maigidana ne ya matsa muka je wani babban asibiti a birni. Likitan hanci ya zura wata siririyar kyamara, na ga cikin hancina a allo, ja jawur ya kumbura. Ya ce daɗaɗɗen kumburi ne, hayaƙin sana'ata na ƙara masa, maganin ɗigawar nan kuma shi ya fi ɓata lamarin, in daina. Ya ba ni na fesawa da ruwan gishirin wankewa, ya ce in yi 'yan watanni a kansu. In bai yi ba, akwai wata na'ura siririya da ake shigarwa ta ƙofar hanci, ba yanka ba ɗinki, tana ba da ɗan zafi daidai gwargwado a kan naman da ya kumbura da jijiyar da ke jawo yoyon, mutum ya koma gida ranar. Raina ya yi fari, na ce a yi mini yau. Ya yi murmushi ya ce, Hajiya, a bi a hankali.

Hankalin ne ba ni da shi. Duk wanda ke yankinmu ya san abin da tafiya take nufi yanzu saboda 'yan bindiga, ka shiga mota kana addu'a, na gida suna bugo waya a kowane gari. Ga daina maganin ɗigawa ya sa hancin ya toshe gaba ɗaya. Ana cikin haka na je suna wajen yayata da ke aure a wani ƙauye ta wajen Sabuwa. Muna tsinke zogale na ba ta labarin na'urar, ta ajiye tire ta dube ni. “Yo ke, wanga ai sakiya ce ta Bature. Mi za ya kai ki birni? Ga Baba wanzam nan bayan masallaci.” Ta tuna mini yadda aka yi wa mahaifinmu sakiya a gwiwa, aka sa ƙarfe a wuta aka huda kumburin, ya tashi ya ci gaba da noma. Ta ce zafi dai zafi ne, na likita da na garwashi. A gajiyar da nake ciki, maganar ta zauna mini daidai. Ban kira maigidana ba, don na san zai hana.

Gaskiya ɗaya da ba zan ɓoye ba, tsohon nan bai so ba. Da muka same shi da hantsi a zaurensa, ya ce shi a gwiwa da maruru ya saba yi, inda ido ke gani, cikin hanci kuwa duhu ne. Mu muka matsa. Yaya ta ce ai likita da bakinsa ya ce zafi ne maganin, ni kuma na ce, Baba, ka taimake ni, na gaji da rayuwa haka. Daga ƙarshe ya yi bisimilla, ya tura ƙarfen cikin garwashi. Yaya ta riƙe mini kai a cinyarta. Ba zan iya kwatanta azabar ba, abin da na riƙe shi ne ƙaurin naman jikina da ya cika mini kai. Ni da na yi rayuwata cikin sandal da misik, wannan ƙaurin shi ne abu na ƙarshe da hancina ya ji.

Na koma Ƙanƙara fuska a kumbure, na ce wa maigidana ciwon ne ya tashi. Da zazzaɓi ya rufe ni, ruwa mai ɗoyi ya fara fita, shi ya ji ɗoyin, ni ban ji ba, dole na faɗi gaskiya. Bai yi faɗa ba, ya ce kawai Allah ya kyauta, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Aka yi ta allurai har kumburin ya saɓe. Na ce wa kaina ƙamshi zai dawo in ciwon ya warke. Wata rana ina tsakar gida ina soya itacen turare da sukari, na juya ina tace humra, sai ga maƙwabciyata ta faɗo ba sallama tana tambayar me ke ƙonewa, tun daga ɗakinta ta jiyo. Kaskon yana gefena, ya yi baƙi ƙirin. Bayan wannan wata Hajiya da ta daɗe tana saye a wurina ta dawo da kwalbar humra da kanta, ta ce cikin ladabi ko dai farcen bai wanku ba, tana ɗan ƙarni. Na kai kwalbar hanci a gabanta, na yi kamar ina ji.

Ƙarshe dai birnin da na guda shi na koma, ba sau ɗaya ba. Likitan ya sake zura kyamararsa. Ya nuna mini inda ƙarfen ya bi, tabo ya haɗe naman ciki ya rufe hanyar sama, inda ƙamshi ke kaiwa. Ya ce jijiyar da na'urarsu ke nema tana can baya, ƙarfen ko kusa da ita bai je ba, lafiyayyen wuri ya ƙona. Sai da ya raba tabon, aka jira ya warke, sannan aka yi mini aikin na'urar. A kan kujera na zauna, aka sa mini auduga mai kashe zafi, ya shigar da abin, bai fi tsinken sakace kauri da yawa ba, yana kallon allo yana tambayata ko ina jin wani abu. Kafin maigidana ya gama amsa waya a waje an gama. A mota na yi ta kuka, ba don ciwo ba, don ganin ƙanƙantar abin da na kasa jira.

Yoyon ya tsaya, Alhamdu lillahi. Ina barci baki a rufe, na ajiye hankici. Ƙamshi ne bai dawo ba, likita ya ce mai yiwuwa, amma bai yi mini alkawari ba. Ba na riƙe Yaya a rai, ƙauna ce ta sa ta, har yau in mun haɗu ba ta iya kallon fuskata sosai. Tsohon ma ya faɗa mana gaskiya, mu muka ƙi ji.

Abin da ya sa na rubuto shi ne in roƙi 'yan'uwa masu irin ciwona. In likita ya kwatanta muku aiki, kada ku ɗauki kwatancen ku kai wa wanda ba ya ganin inda yake taɓawa, ko da kuwa gwani ne a nasa fannin. Kuma ranar da kuka ji kun gaji matuƙa, kada ku yanke shawara a ranar, gajiya ce ta kai ni zauren nan.

Bana na aurar da 'yata ta fari. Tun tana goye nake cewa ni zan haɗa mata humrar da ba a taɓa ji ba a Ƙanƙara. Na haɗa, da abin da hannuna ya tuna. Ranar kai amarya mata suka cika ɗakin suna ta santi, wai ƙamshin har waje. Da za mu fito ta rungume ni tana kuka, na sa hancina a wuyanta na ja numfashi iya ƙarfina. Hanci a buɗe, iska ta wuce sarai, ban ji komai ba.