Ƙyallen Ƙofar Kinue

Kinue Furihata faccalata ce, matar yayan mijina. Gidanta na kallon nawa, hanya ce kawai a tsakani, kuma tun da aka kawo ni ƙauyen nan ina amarya nake hangen ƙofarta ta tagar kicin. Daga bakin gada har gonakin tuffa na kan tudu, babu mai hannunta a ganyen gishiri. Da sanyi ya kama, sai ta wanke ganyen nozawana, ta jera a ganga, ta dinga watsa gishiri da tafin hannu ba awo, ta danne da dutse. Nata yakan kai har ƙanƙara ta narke bai sauya ba. Nawa kuwa duk shekara sai ta ɗanɗana, ta ɗan yatsina fuska, ta tambaye ni ko gishiri ne ya yi tsada a kanti. Na sha jin haushinta, amma na sha cinye nata.

A nan ba mu cika kiran sunan ciwon ba, sai dai a ce wane ya faɗi. Surukarmu ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta ya shanye, ta yi shekaru a kwance a ɗakin baya. Kinue ce matar babban ɗa, don haka ita ke juya ta, ita ke wanke ta, ita ke ɗura mata kunun shinkafa yana dawowa ta gefen baki. Idon tsohuwar yana magana, bakin ya ƙi. Daga baya Shigeharu, mijin Kinue, ya faɗi a tsakanin itatuwan tuffa, bai ƙara farfaɗowa ba. A wurin makoki na ji ta tana cewa ya yi sa'a, kuma har cikin ranta ta faɗa.

Ranar da abin ya taɓa ta, a gidana take. Muna zaune da shayi, kwanon ganyenta a tsakiya, ina ƙara mata tun kofin bai kai rabi ba kamar yadda aka saba. Sai kofin ya suɓuce daga hannunta. Na buɗe baki zan tsokane ta, na ga gefen bakinta ya zube. Ta kira sunana, abin da ya fito ba sunana ba ne. Kafin motar asibiti ta iso bakin ya koma daidai.

Likita ya ce gargaɗi ne, jini ne ya ɗan tsaya a wata jijiya ta ka ya wuce. Ya ba ta magani, ya ce ta rage gishiri, ta riƙa taka ƙafa kullum.

Kinue ta ɗauki rabin maganar ta ninka, ta zubar da sauran. Gishiri ta daina shi gaba ɗaya. Miyar miso, irin daddawar waken nan mai gishiri, ta fita daga tukunyarta, ta koma farar shinkafa da dafaffen kabeji, shi ma kaɗan. Tafiya kuwa ta ce sam, in ta faɗi a hanya fa? Sannan ta rufe ƙofa. Ba wulaƙanci ba ne, rasa yadda za ta yi ne: ba a shiga gidan mutum a ƙi kai hannu kwanon ganyensa, ba a kuma karɓar baƙo da shayi tsura. Tun da ba za ta ci ba, sai ta daina zuwa, ta daina karɓa. Gangarta ta shekarar ta zauna a rumfa, dutse a kai, babu mai buɗewa. In na leƙa sai in tarar da ita da na'urar awon jini a dantse, tana kallon lambobi. In sun hau ta tsorata, tsoron ya ƙara hawar da su, ta sake aunawa.

A lokacin ne masu unguwa suka raba wa duk tsohon da ke zaune shi kaɗai ƙyalle rawaya. Da safe ka rataya a sandar ƙofa, da yamma ka cire. Maƙwabci ya gani ya san ka kwana lafiya. Ni ce mai duba na Kinue. Kowace safiya nakan ɗora butar shayi in tsaya a taga, gabana na faɗuwa, har sai na ga ƙofar ta zame, siririn hannu ya fito ya rataya, ƙofar ta koma. Watanni na yi ba na ganin komai nata sai wannan hannun.

Wata safiya buta ta tafasa, ta ƙone, sanda na nan tsirara. Ban san da silifas ɗin ɗaki na tsallaka hanya cikin ƙanƙara ba. Na same ta yashe a gefe guda a gaban hoton Shigeharu, turaren tsinken da ta kunna masa ya cinye har toka. Fuskarta fari fat.

"Abin ya zo, Tomi," ta ce da ni a hankali. "Ƙafa ta mutu. Kada ki bari su sa ni a ɗakin baya."

Sai na lura maganarta tas take fita. Na ce ta yi murmushi, bakin ya tafi daidai. Na ce ta ɗaga hannuwa, suka tashi tare.

"Wace ƙafar ce, Yaya?"

"Duka biyun."

"Surukarmu duka biyun ne suka tafi? Tun yaushe kike durƙushe a nan?"

Ashe tun asuba take zaune a kan dugaduganta, tana roƙon mijinta in zai zo ɗaukarta ya ɗauke ta lokaci guda kamar yadda aka yi masa. Matar da ta yi shekara saba'in tana zaman durƙuso, tsoro ya mantar da ita cewa ƙafa tana sagewa. Na kama babban yatsan ƙafarta na murɗe da duk haushin da na tara. Ta yi ƙara, ta zage ni, jini ya dawo kamar ana tsira mata allurai. Na zauna a ƙasa na fashe da kuka.

Duk da haka na kai ta asibiti. Likita ya duba, ya ce ciwon bai dawo ba, amma naman ƙafafunta ya zube, jikinta babu abinci. In ta ci gaba a haka, ba sai ta faɗi ba, da kanta za ta kwanta ta kasa tashi. A mota na kasa haƙuri, na ce mata ta riga ta kai kanta ɗakin baya tun ba a kai ta ba. Na ga maganar ta shige ta, ban kuma janye ba.

Wata ma'aikaciyar jinya ta koya mata wani haɗi: gishiri ɗan kaɗan, ruwan tsami, yankan tuffa, barkono da ganyen teku. Kinue ta ce wannan ba ganyen gishiri ba ne, wasan yara ne, ba zai yi kwana uku ba zai lalace. Gaskiyarta, ya lalace. To hannun Kinue bai san kaɗan ba, in ta tashi yi sai ta cika roba, kuma ita ba ta taɓa zubar da abinci a rayuwarta ba. Dole a cinye shi da wuri, dole kuwa wani ya kai wa masu ci.

Gidana ta fara kawowa. Ina kallo ta taga ta tsallako hanya tana dafa shinge, tana taka ƙasa kamar mai tafiya a kan gilashi. Bayan kwanaki ta kai gidan bakin gada, ina bin ta a baya ina yi kamar ni ma can za ni. Da tuffa ta yi fure ta fara hawa tudu har gidan tsoho Ushiyama, wanda ke can ƙarshen gari. Ya ɗanɗana ya ce abincin zomo ne, ya tambaya ko ta manta hanyar kantin gishiri. Ya cinye kwanon tas, ya ce gobe a ƙara barkono.

Abin da ya ƙara mata ƙarfi shi ne, yanzu duk gidan da ta shiga da kwanonta take shiga. A ajiye shi a tsakiya, ta kai hannu kamar kowa, babu wanda ya ji an raina shi. Ta koma shan miya, mai ruwa-ruwa da kayan lambu da yawa. Kumatunta suka dawo, bakinta ma ya dawo, har ta fara cewa nawa ganyen gishiri ya yi masa yawa. Akwai wata kwana a kan tudu inda take tsayawa ta huta ta kalli duwatsu, ta ce shekara hamsin tana wucewa nan da kwando a baya ba ta taɓa ɗaga kai ba. Amma tsoron bai tafi ba. Ta gaya mini kowace safiya sai ta yi wa madubi murmushi ta tabbatar bakin na nan, kuma duk sanda za ta sa takalmi sai ta tuna za ta iya faɗuwa a hanya. Tana sawa dai ta fita.

Haka aka yi shekaru, har na daina tsayawa a taga da faɗuwar gaba. Sai ga shi wata ranar kaka, ana tsinkar tuffa, wayata ta yi ƙara. Ushiyama ne. Ya ce Kinue tana miƙa masa kwano a bakin ƙofa sai kwanon ya faɗi, ita ma ta bi shi. Bai tsaya komai ba ya kira motar asibiti.

A bencin asibiti babu abin da nake gani sai ɗakin baya da idon surukarmu. Da likita ya fito ya ce an kawo ta cikin lokaci, an narkar da abin da ya toshe. Ya ce da ita kaɗai ce a gida, sai an jira safiya an ga babu ƙyalle, da labarin ya sha bamban. Hannun hagu ya yi rauni, ƙafar tana ja. Masu koya mata tafiya suka ce ƙafafun nan sun san aiki, za su tuna. Ita kuwa ta daina tsokana, ta daina ƙorafin abincin asibiti, shirun nan ya fi komai tayar mini da hankali.

Ranar da aka sallame ta, na raka ta ciki. Ta tsaya da sandarta ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin baya. Na ce zan kwana da ita, ta ce in tafi gida. Na fito na ji ta ja ƙofa ta rufe, irin rufewar da na sani.

Washegari na ɗora buta na tsaya a taga. Rana ta fito, ta hau kan rufin gidanta, sandar ƙofa babu komai. Wannan karon ban yi gudu ba. Na zauna a dandamalin cire takalma ina neman ƙarfin tsallaka hanya, ina tunanin ko a kwance zan same ta, ko a zaune a bayan rufaffiyar ƙofa, ban ma san wanne na fi tsoro ba. Ina nan zaune na ji ana buga ƙofata da itace, a hankali.

Kinue ce, gumi na zuba a goshinta duk sanyin nan. Sanda a hannun dama, a wuyan hannun kuma ta rataya ɗan kwano, an ɗaure shi cikin ƙyallen rawaya da wani mummunan ƙulli, da alama da haƙori aka ja shi. Idonta cike da tsoro.

"Hannun bai kai sandar ƙofa ba, Tomi," ta ce. "Sai na kawo miki shi da ƙafa. Matsa in zauna, ki zuba shayi. Gobe bakin gada za mu."