Ƙaho Uku a Filin Lakwal

Idona ya ga abubuwa da yawa a duniyar nan. Wasu ruwa ya wanke su, wasu tsufa ya kwashe. Amma ranar da aka tono ƙaho uku a filin lakwal, wato makarantar bokon unguwarmu, wannan sai ranar da ƙasa ta rufe idona zan rabu da ita.

Ina da jika, ɗiyar ɗana, wadda na goya tun rasuwar uwarta. Ni ban taɓa shiga aji ba, amma ita da hannuna na kai ta. Ta yi karatu har Maraɗi, aka maido mana ita Madarumfa tana koyar da yara, kowa na ce mata madam. Da la'asar, muna tsinkar zogale, nakan ji darasin gobe tun kafin yaran su ji.

Wata rana ta miƙo min waya ta ce, "Tsohuwa, kin san wannan?"

Na duba na ce, "Saniyar wa ta lalace haka?"

Ƙaho biyu a goshi, ɗaya bisa hanci, baki kamar na aku, bayan wuya kamar an kafa faifai. Ta yi dariya har ta zubar da zogalen. Ta ce irinsu dinozor ake ce musu, wannan ta kai giwa ko ta fi, amma duk girman nan ganye take ci, kuma sun ƙare tun babu ɗan Adam a bayan ƙasa.

Na ce, "To wa ya gan ta ya ba ku labari?"

Ta ce, "Ba wanda ya gan ta, Kaka. Ƙashinta aka gani." Laka ce ta rufe shi, ya daɗe har ya zama dutse. Na wannan a ƙetaren teku aka same shi, amma ƙasarmu ma, can wajen Agadas, ana tono na danginta. Masu aikin sukan durƙusa suna share rairayi kaɗan-kaɗan, kamar mai tsince tsakuwa cikin gero, kafin su ce ga abin da suka samu.

Da ta kai darasin aji, nan ne yaran suka kasa ganewa, shi ya sa ta ce za ta sa su tona da kansu. Ta roƙe ni ƙahonin ragon layyata da ke yashe bisa rumbu, da na wata akuya guda, da ƴan ƙasusuwan miya. Ni na wanke su da toka. Da sassafe ta binne su cikin rairayi gindin darbejiyar lakwal, ta raba wa yara cokula da guntayen tsintsiya. Na je na leƙa ta bayan shinge. Duk wanda ya taɓo ƙashi sai ya yi tsalle kamar ya tsinci zinariya. Tun da nake ban ga jikata cikin farin ciki irin na wannan hantsi ba.

Ashe wata mata mai zuwa garka ta gan ta durƙushe da safen nan tana tura ƙaho cikin ƙasa. Ta adana abin a ranta. A garinmu kuwa ko yaro ya san abin da ake nufi idan an ce wane ya binne ƙaho.

Ƙarshen damina ne, sauro ya yi yawa. Wata yarinya ta ajin ta kwanta da zazzaɓi har tana fizge-fizge. Ran nan matar garkar ta kwance bakin jakarta. Jikata kuma ta riga ta sake binne ƙahonin domin ɗaya ajin. Maza suka zo da hauya, sara biyu, ga ƙaho uku a fili.

Aka tara mu ƙofar mai unguwa. Uban yarinyar ya dube ta ya ce, "Madam, mi ɗiyata ta yi miki?"

Ta fiddo waya tana bayanin dabbar da ke cin ganye. Wani daga baya ya ce, "Dabbar nan ke da kanki kin ce ba wanda ya gan ta. Ƙaho dai ga shi mun gani."

Na miƙe da sandata na ce wa uban, "Ɗan nan, ƙahon ragon layyata ne. Har gidanka na aika da cinya."

Bai ɗago ba. Matar garkar ce ta amsa, a sanyaye: "Iya, da ma mun ce yarinya ce, ba za ta san wannan aiki ba sai an koya mata a gida."

Liman, Allah ya saka masa, ya karɓi ƙahonin ya zazzage su ɗaya bayan ɗaya. Rairayi kawai ya zubo. Ya ce, "Babu laya, babu allura. Ku ji tsoron Allah." Aka watse, na ɗauka ta ƙare.

Yarinyar aka kai ta likita, aka yi mata allurai, ta tashi garau. Na yi hamdala, na ce yau gaskiya ta yi halinta. Kashegari a bakin rijiya na ji ana cewa, kun gani ko, ana tone ƙahonin ta miƙe. Da ta mutu, mu muka kashe. Da ta warke, mu aka kama. Ta ina za mu fita?

Iyaye suka riƙa janye ƴaƴansu daga ajinta. Yaran da ke cika min tsakar gida don tatsuniya suka koma ratsawa ta bayan gari. Ba ta yi kuka a gabana ba. Da shekarar karatu ta ƙare ta nemi a sauya mata wuri, aka tura ta can gaba da Damagaram. Ranar tafiya ta aje min wata ƴar dabba mai ƙaho uku da ta gina da lakar bakin tafki, ta ce, "Ga mai taya ki hira, tsohuwa. Ba ta cin komai sai ganye."

Yau shekaru ke nan sai sallah nake ganinta. Wanda zai ce min yi haƙuri har yanzu bai zo ba. Yarinyar nan da ta yi zazzaɓi ta girma, takan gaishe ni a hanya idan ba kowa.

Abin da na koya shi ne, waɗancan masu tonon ƙashi sun fi mu sanin haƙƙi. Su ƙashin dabbar da ta mutu tun fil'azal ma sai sun share masa ƙasa a hankali kafin su raɗa masa suna. Mu kuwa ɗiyar da muka ga tashinta, sara biyu na hauya suka ishe mu. Idan kun tono abu, ƴaƴana, ku kakkaɓe shi tukuna kafin ku buɗe baki.