Tasha Ta Biyu

Wallahi abin da zan ba ku ni ya faru da ni, ba ji na yi ba. A 2006 ne, ina digiri na biyu a fannin kwamfuta a Kuala Lumpur, muna haya a Wangsa Maju ni da abokina Bashir, ɗan Zariya.

Bincikena a kan tsofaffin kwamfutocin gida ne, irin na shekarun tamanin da ake jonawa da talabijin. Na samo ɗaya a shagon wani tsoho Ba'indiye a Sentul, na kwashe sati uku ina karanta umarnin da kamfani ya dasa a ƙwaƙwalwarta, har na ci karo da wani sashe da babu abin da ke kiransa. An rubuta shi don ta yi magana da wata kwamfutar, amma da alama sun fasa, ko ramin jona wayar ba su huda ba. Aikinsa kawai ya yi kira, ya jira amsa.

Wata Asabar bayan la'asar na ce bari in tashe shi in gani. Bashir na gefe yana cin shinkafar da ya yo tapau, wato ya sayo a ƙunshe, ya ce, "Malam, wa zai amsa maka? Ko waya babu."

Bai rufe baki ba allon ya nuna tasha ta biyu, wato wata kwamfutar, ta amsa. Sai haruffa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har da kuskure a goge a gyara, yadda dai mutum ke yi. Da Malayanci ne, Bashir ya fi ni jin yaren, ya ajiye cokali ya karanta: "Waye a nan?"

Na rubuta ɗalibi ne. Aka ɗan jima, sai ga amsa: "Na daɗe ina jira. Kada ka kashe."

Jama'a, na fizge wayar wutar.

Kwana uku na kasa zama wuri ɗaya, in buɗe littafi in rufe, in fita in dawo, na sake bin umarnin nan layi-layi ko kalmomin na ciki, babu ko ɗaya. Na huɗu na hau jirgin ƙasa na koma Sentul, na tambayi tsohon inda ya samo ta.

Ya ce biyu ne, na wasu 'yan'uwa, tare aka kawo su bayan an yi rasuwa a gidan. Ya nuna min ɗayar a saman kanta, ruwa ya taɓa cinye ta, duk tsatsa, ko wayar wuta ba ta da ita. Na miƙa hannu na taɓa.

Da ɗumi, wallahi, kamar goshin mai zazzaɓi.

Na mayar masa da tawa a ranar, na canza batun bincike, malamina ya yi ta faɗa, na yi asarar zango guda. Har yau abin da ke hana ni sukuni ba ɗumin ba ne, roƙon da aka yi min ne na ƙi ji. Don Allah, in kun tarar da abin da masu shi suka rubuta suka bari a rufe, kada ku kira, don ba ku san wanda ke jira ba.