Yatsan Auta a Kan Layi

A filin tanis kowa Baba Fol yake kiransa, har matarsa in ta fusata. Aikinsa zama ne a kan kujerar roba a ƙarshen fili, yana kallon ƙafafu. Dokar ba ta da tsawo: mai buga sabis, wato bugun da ake buɗe wasa da shi, kada takalminsa ya taɓa farin layi kafin ƙwallo ta bar raket. In ya taɓa, Baba ya ce, "Fol!" Na farko a yafe, a sake bugawa. Na biyu, maki ya tafi. Da wannan kalma guda ya riƙe gida har ya yi furfura. Fuska ba ta zama masa a kai, amma ko a kasuwa ya ga takalmi ya san mai shi.

Autarsa da raket a hannu ta tashi. Ranar wasan ƙarshe, wanda in ta ci wata jami'a za ta ɗauke ta karatu kyauta, abokin aikinsa da ya kamata ya zauna a kujerar ya wayi gari da ciwon haƙori.

"Baba Fol, zauna mana," in ji babban alƙali. "Ai kai ko mahaifiyarka ce ta taka, ba ka ɗaga mata ƙafa."

"Allah ya jiƙanta," in ji Baba, ya zauna.

Wasa ya yi nisa, saura maki ɗaya a fitar da Auta. Bugunta na farko ya faɗa raga, kuskure na farko ke nan. Ta ɗaga ƙwallo ta biyu, babban yatsan ƙafarta ta hagu ya zame ya hau fari. Baba bai yanke shawarar komai ba. Ya dai ji murya ta ce "Fol!", ya kuma gane muryar tasa ce. Aka tafa wa ɗaya yarinyar. Ya naɗe kujerarsa ya kai sito, kamar kullum.

A gida matarsa ta ajiye masa abinci ba tare da ruwan wanke hannu ba. Auta na zaune a bakin ƙofa tana kwance igiyar takalmi.

"Baba, na taka kuwa?"

"Kin taka."

"Sosai?"

Ya laluba ko akwai wata amsar da za ta yi mata amfani.

"Ba a takawa sosai, Auta," ya ce. "Takawa kawai ake yi."

Ya tashi ya ɗebo ruwan da kansa.