Malamar da Ke Zuwa Wurin Inna

Ni dai bokona a aji biyu ya tsaya, shi ma gudu na yi ranar da aka ce masu allura na tafe. Amma Allah ya ba ni 'yar fari mai kai. Ta yi kwaleji a Kano, ta dawo Rano da takarda, aka ɗauke ta aiki a sashen jin daɗin jama'a. Na tambaye ta mene ne aikin. Ta ce ziyartar tsofaffi da marasa galihu, a zauna da su, a ji damuwarsu.

Na ce, "Wato hira? Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina hira a gindin dalbejiya, ban ga wanda ya ba ni satifiket ba."

Ta ce, "Baba, kai surutu kake yi. Mu saurare aka koya mana."

Uwarta Bafulatana ce daga wajen Fassi, kuma a wurinsu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Tun da ta haife ta ba ta taɓa kama sunanta ba, "waccan" take cewa. A hannun kaka ma yarinyar ta tashi. In ta shigo ɗaki, sai uwar ta duƙufa kan faifai tana tsintar abin da babu. Tsofaffin ƙauyukan Yalwa da Zinyau suna riƙe hannun 'yar nan suna zuba mata labari, a gida kuwa daga "ina kwana" sai "lafiya".

Sai tsufa ya taɓa wa uwargidan tawa kai. Ta fara da manta gishiri a miya, har ta kai tana tambayata ɗan gidan wane ne ni. Na ce saurayi ne, zance na zo. Ta ce in koma, na cika muni.

Wata rana yarinyar ta biyo daga aiki, da jakarta da farin hijabin da take shiga ƙauye da shi. Uwar ta dube ta ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba, ta ce, "Malama, sannu da zuwa. Matso kusa mana."

Na buɗe baki zan gyara mata, 'yata ta girgiza mini kai.

Ta zauna bakin gado. Tsohuwa ta kama hannunta tana murzawa. "Ina da 'ya kamarki, Malama. Da aka kai ta wurin kakarta, ta bayan danga nake leƙenta. In na dama fura, mai kyan nake aika mata, in ce ragowa ce. Don Allah kada ki gaya mata."

"Ba zan gaya mata ba, Inna."

Daga ranar ba ta sake shigowa gidan ba sai da hijabin aiki, ko da ranar hutu ce. Ƙannenta suka ce wannan yaudarar marar lafiya ce. Ta ce, "Ku ƙyale ni, ban gama ji ba."

Cikin damina jikin tsohuwar ya yi nauyi. Wata safiya sai ta farka garau, ta kira ni Malam, har ta tambaye ni ko an yi wa gero maimai. Ina ta murna kamar wawa. Da hantsi 'yata ta shigo, ta zauna inda ta saba, ta kama hannun.

Uwar ta daɗe tana kallonta. Sannan ta zare hannunta a hankali, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wajen bango.

Can ta ce, "Malam, ka ce wa waccan ta ci abinci kafin ta tafi."

Na fita na ɗauko ɗumame da kaina. Yarinyar ta zauna a tsakar gida ta cinye shi tas, hawaye na zuba cikin kwano. Uwar ba ta sake yi mata magana ba har Allah ya karɓi abinsa.